Fuskar Mama a Yumɓu

"Ki faɗa min gaskiya, Solvej. Ni ne ba kya so, ko birnin Aarhus?"

Troels na tsaye a ƙofar ɗakin da muke ƙyafe kifi, hannuwansa duk busasshen yumɓu. Ni kuwa ina jera kifi a sanda, hayaƙi na cin idona.

"Haba Troels! Ka san amsar."

"Ban sani ba. Makarantar zane ta can ta ba ni aikin koyarwa, sun ce ke ma ki kawo zanenki su gani. Me ya rage?"

"Baba ya rage!"

Sai ya juya ya gangara ta bakin teku, bai ko waiwayo ba. Na zauna a kan akwatin kifi na yi kukan da ba na hayaƙi ba.

Troels maginin tukwane ne a garinmu Gudhjem, kuma shi ya fara sa min fensir a hannu. Lokacin da Mama ta kwanta ciwo, ya kawo min wani ɗan littafin zane, ya ce, "Kullum shafi ɗaya. Ko ya yi muni, kada ki yage."

Da farko duk muni ne. Na zana tsuntsun teku ya fito kamar agwagwa mai mura. Amma na ci gaba. Na zana hannun Baba yana feɗe kifi, na zana Mama tana barci, tana shan gahawa, tana harararmu. Da na fara sa launin ruwa sai na tsorata... ashe tekun da na girma a gabansa ban taɓa ganinsa ba! Da safe akwai kore a cikinsa, da yamma har ja-ja yake yi. Nakan tsaya da buroshi a hannu, baki buɗe, kamar yau aka halicce shi.

Mama ta rasu. Bayanta idon Baba ya fara mutuwa daga tsakiya, sai gefe-gefe yake gani. In na tafi, wa zai kula da wutar ƙyafe kifi? Wa zai karanta masa kwalbar magani?

Ranar da muka yi faɗa da Troels, muna cin baƙin burodi da kifi, Baba ya ajiye cokali.

"'Yata..."

"Na'am, Baba."

"Fuskar mahaifiyarki ta fara ɓace min. In na ɗauko hotonta, sai in ga gashi da kafaɗa, tsakiya babu kowa."

Na ture kwanona gefe.

Washegari na kwashi littattafan zanena na nufi shagon Troels. Ya ɗago ya kalle ni, fuska a ɗaure.

"Ba sulhu na zo ba," na ce. "Yumɓu nake so."

"Kofi za ki yi?"

"Mama zan yi."

Ya ɗauko curi mai nauyi ya dire a gabana, ya share min tebur. Na buɗe shafukan Mama duka na jingina su a bango, ta gaba, ta gefe, ta ƙeya.

Yumɓu ba takarda ba ne. A takarda sai ka ɓoye abin da ba ka sani ba, a nan kuwa dole ka san bayan kunne. Na gina na rushe, na sake ginawa.

"Kina gaggawar ido," in ji Troels wata rana, yana leƙowa ta kafaɗata. "Fara da ƙashin da ke ƙarƙashi."

"Wa ya tambaye ka?"

"Babu. Da yumɓun nake magana."

Na danne dariya. Ya kama yatsuna ya ɗora a kuncinsa. "Ji nan. Kin ji inda ƙashin ya juya?" Na ji... na kuma ji zuciyata na bugawa har a wuyana.

Da lokacin kaka ya shigo na gama fuskar. Kyakkyawar mace ce, tana kama da Mama, amma ba ita ba ce. Na duba zanen, na duba yumɓun, na rasa abin da ya ɓace. Duk da haka na riƙo hannun Baba na kawo shi, yumɓun bai riga ya bushe ba.

"Me kuka haɗa min, ke da wannan mai tukwanen?"

"Miƙo hannunka kawai, Baba."

Yatsunsa masu kaushi suka sauka a goshi. Suka tsaya. Suka gangara a hankali kan gira, kan hanci.

"Birthe..." ya kira sunan Mama, can ƙasa.

Ya kai bakinta, sai ya girgiza kai.

"A'a. Nan ba haka take ba. In za ta yi dariya sai ta riƙe ta a wannan gefen, don kada in ji daɗi."

Ya danna babban yatsansa a gefen leɓe, kaɗan kawai, ya ja sama.

Na ja da baya har na bugi tebur. Mama ce! Mama ce ke kallona, dariya a maƙale a gefen bakinta, kamar yanzu za ta ce in je in wanke hannu. Tsigar jikina ta tashi. Troels ya cire hularsa bai ma san ya cire ba.

Baba ya daɗe riƙe da fuskar da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa. Sannan ya ce, "Ke kika yi wannan, Solvej? Da hannun da nake sa ki cire ƙayar kifi?"

"Mu biyu muka yi, Baba, ni da kai."

Ya juya wajen Troels. "Kai, mai tukwane!"

"Na'am, Aksel."

"An ce za ka tafi da ita Aarhus."

"Ta ƙi. Ni ma na yanke shawarar rubuta musu na fasa. Ba zan iya barinta ba."

Na juya na kalle shi. "Troels! Yaushe?"

"Tun ranar da kika ce wa ya tambaye ni, masoyiyata."

"Wawaye biyu!" Baba ya daka tsawa yana share ido. "Babu wanda zai fasa komai. Ɗan ƙanwata Bjarke ya daɗe yana roƙon in ba shi wutar kifin nan, matarsa kuma ta fi ki iya miya. Ku tafi! Amma ku bar min buhun yumɓu. Akwai kunnenta da ban gyara ba."

Na faɗa jikinsa ina kuka ina dariya.

Da bazara aka ɗaura aurenmu a farin cocin da aka ɗaura na Baba da Mama. Kafin mu shiga, Baba ya tsayar da ni a bakin ƙofa, mutane duk suna jira.

"Tsaya in ga amarya."

Ya goge hannunsa a riga, ya ɗora a goshina, ya bi girata, ya bi kuncina da ya jiƙe. Ya daɗe.

"Baba, akwai gyara?" na tambaya.

"Babu," ya ce. "Mu shiga."