Gidan Da Aka Ɗauko A Kafaɗa

"Tatay, na roƙe ka, yau ɗaya dai... ban da labarin zamanin da!"

Mang Doroy ya ɗago daga fama da takalmin da 'yarsa Luningning ta sayo masa. Ƙafar da ta tsufa cikin lakar gonar shinkafa ina ta san takalmi?

"Har na ɓaunata da ta kori limamin coci?"

"Har shi! Baƙin nan mutanen Manila ne, Tatay. Kada ka ba ni kunya."

"To, 'yar lele."

Luningning ta san bakinta ya yi kaifi, amma mota ta riga ta tsaya. Efren ne da mahaifiyarsa, Aling Pacita, sun zo neman aurenta.

Aka kawo shinkafa da kifi. Tsohon da surutunsa ke hana maƙwabta barcin rana ya yi tsit, yana kokawa da cokali.

Aling Pacita ta shafa bangon gora. "Gidan nan ya kwana biyu. Kai ka gina?"

Sai ya juyo ya kalli 'yarsa yana jiran izini, a gidansa, a gaban baƙi.

Luningning ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Faɗa musu, Tatay..."

"Ai kin ce..."

"Wauta na yi. Faɗa musu!"

Ya gyara murya. "Ban gina ba, ɗauko shi na yi. Marigayiya uwar Luningning ta rantse ba za ta bar gidan da aka haife ta ba, ko don aure. Sai na tara mazan gari, muka zura gora a ƙarƙashi, muka saɓa shi a kafaɗa har gonata. Tana ciki, tana leƙowa ta taga tana zagina! Lokacin nan ba a biyan kowa, shinkafa kawai za ka dafa."

Aling Pacita ta yi dariya har da hawaye. Efren ya raɗa wa Luningning, "Masoyiyata, wannan kika ɓoye mini?"

Luningning ba ta iya kallonsa ba. Ta durƙusa gaban ubanta, ta kwance takalman. Yatsunsa duk sun saɓule, bai ce uffan ba tun safe.

"Tatay, ka yafe mini..."

Ya dafa kanta. "Daina kuka, 'yar lele. Uwarki ma da zagi ta fara." Ya dubi Efren. "Na ba ka. Amma ka shirya kafaɗarka."