Aikin Da Aulis Ya Kira Ɗanye

A kulob ɗinmu na masu rediyo a birnin Oulu, kowa da abin da yake faɗi a kan Aulis.

Tsoho Veikko ya ce sun taɓa zuwa garin Rovaniemi mai nisa a mota ɗaya, zuwa da dawowa, abin da ya fito daga bakin Aulis kawai shi ne, “Mai ya kusa ƙarewa.” Ɗalibai sun ce in ya duba maka rubutun manhaja, ko waƙafi ka ajiye a karkace sai ya nuna maka. An ce mahaifiyarsa ma ta faɗa, wai tun yana yaro bai iya ba da haƙuri ba. In ya fasa kofi sai dai a wayi gari a tarar ya liƙe shi.

Ni dai saurare nake, ba na tofa komai. Tun farkon sanyi muke soyayya da shi, ba wanda muka gaya wa.

Ran Talata da yamma na shigo kulob ina karkaɗe ƙanƙara daga takalmi, sai Henriikka ta ɗago wayarta tana murmushi. Ita ma tana cikin masu kula da manhajar, kuma ta taɓa son Aulis ba ta samu shiga ba.

“Tuulikki! Sannu da haƙuri fa...”

“Haƙurin me?”

“Au, ba ki gani ba? An cire aikinki daga shafi.”

Manhajar tamu ta kowa ce, kyauta, duk mai so ya buɗe cikinta ya gyara. Ka soka wata 'yar na'ura kamar yatsa a kwamfuta, ita kuma ta mayar maka da ita rediyon da ke jin jirage da tauraron ɗan'adam. Duk shekara in ƙanƙara ta fara narkewa, mukan jera ayyukan da ɗalibai za su yi a hutun bazara, kowane aiki da mutum biyu da za su tsaya masa. Gurbin kaɗan ne. Nawa aikin shi ne in koya wa manhajar jin sababbin na'urorin da masu hasashen yanayi ke ɗaure wa balan-balan, don masu bin su daji su san inda suka faɗi.

Henriikka ta karanta da ƙarfi, tana jan kowace kalma. “‘Aikin ɗanye ne. A bar shi sai wata shekara.’ Sa hannu, Aulis.”

Wata shekara!

Ni da na doshi arba'in, na baro gidan burodi na shiga jami'a, kuma bana nake gamawa. Shirin na ɗalibai ne kawai. Ba ni da wata shekara.

Na juya. Aulis na can ƙuryar ɗaki ya duƙufa a kan wata eriya, kunnuwansa sun yi jajir.

“Kin san Aulis ba sani ba sabo,” in ji Henriikka tana kurɓar kofi. “Ko da kuwa kekenki na kwana a ƙofar gidansa.”



Na ajiye burodin kirfar da na gaso musu a kan tebur, na fita.

A wajen ajiye kekuna ya same ni, ko rigar sanyi bai saka ba.

“Tuuli...”

“Ɗanye ne?”

Ya kalli ƙasa.

“Tambayarka nake, Aulis. Kai da ka zauna a kicin ɗina kana kallon sigina na fitowa a allo, har ka ce in ƙara maka kofi. Aikina ɗanye ne?”

“A'a.”

“To me ya sa?”

“Henriikka ta ce za ta ɗaga maganarmu a taro. Za a ce don ni kika samu. Kare ki na yi.”

“Kare ni? Da cewa ka yi ka janye daga alƙalanci, da ka kare ni. Amma sai ka rubuta a inda duniya ke karantawa cewa ban iya ba!”

“Zinariya...”

“Kada ka zinariya ni. Ka koma ka rubuta gaskiya.”

Ya buɗe baki, ya rufe. Na jira shi, ni mai iya jira ce. Da na ga sanyi kawai ke shigarsa sai na hau kekena.

Yayata Marjatta ta tarbe ni da miyar kifi da kuma abin da na san za ta faɗa.

“Ban gaya miki ba? Namijin da ba ya magana, ranar da zai yanka ki ma ba za ki ji ƙarar wuƙa ba.”

“Yaya, don Allah...”

“Tanderun gidan burodi na nan, ba wanda ya iya shi kamarki. Ki dawo. Mace da furfura ta fara leƙowa tana bin balan-balan a fadama kamar 'yar firamare!”

“Ai gemu ba ya hana ilimi.”

“Ke gemun gare ki?”

Na yi dariya, hawaye na zuba a cikin miyar. Ta miƙo min tsumma ta zauna kusa da ni.

“Kina son sa har yanzu?”

“Ina son sa.”

“Tabɗi. To aikin fa?”

“Shi ma ba zan bari ba.”

Washegari na tarar an sa wa sarƙar kekena mai, an ɗaure birkin da ya daɗe yana kuka. Bayan nan aka share min ƙanƙarar ƙofar gida tas. Ban ga kowa ba, ban kuma buƙaci gani ba.

Sai ga gyara ya shigo cikin aikina a intanet, inda kowa ke gani. Akwai wani wuri da manhajata ke rasa sigina in balan-balan ta yi nisa, na daɗe ina fama da shi. Aulis ya warware shi da 'yan layuka masu tsabta, irin nasa. Babu gaisuwa, babu bayani.

A tsarinmu mai aiki shi ke da ikon karɓar gyara ko mayar da shi. Na daɗe ina kallon layukan nan. Daidai suke, kuma ina bukatar su.

Na rubuta, “Na gode. Ban karɓa ba.” Na rufe.

Ba a jima ba Veikko ya bugo waya yana dariya har da tari. “Yarinya, kin mayar wa Aulis gyara? Tun da aka kafa manhajar nan ba a taɓa yi ba! Ki zo ki sha kofi.”

Na je. Ya saurare ni har ƙarshe, yana juya sukari.

“Ni zan tsaya miki,” ya ce. “Akwai kuma Wiebke, ta Jamus, ita ma mayyar balan-balan ce, na san za ta yarda. Amma kin san ƙa'ida. Aikin da mai kula ya ce ɗanye ne ba ya komawa shafi sai shi da bakinsa ya janye.”

“Da bakinsa?”

“A taro. Ran Alhamis.” Ya girgiza kai. “Ai gara ki sa dutse waƙa.”

Kwanakin da suka rage na yi su a gaban kwamfuta. Na warware matsalar da kaina. Tawa hanyar ta fi tasa tsawo, ba ta kuma kai tasa kyau ba, amma ta yi aiki. Ran Lahadi na ɗauki eriya na bi sigina ni kaɗai har cikin fadama, ƙanƙara na ruftawa da ni zuwa gwiwa, na tarar da na'urar tana lilo a reshe da jan ƙyallenta. A da tare da Aulis muke zuwa, shi ya riƙe eriya, ni in riƙe kwamfuta. Na tsaya a wajen na sha kukana, sannan na kunce ta na sa a jaka.

Ran Alhamis ɗakin kulob ya cika, sauran masu kula kuma suna kan babban allo, kowa daga ƙasarsa. Aka bi ayyuka ɗaya bayan ɗaya. Henriikka ta gabatar da na ɗalibinta, aka yaba. Mai jagorancin taro na shirin rufewa na miƙe, na ɗora na'urar a kan tebur, da busasshiyar laka a jikin igiyarta.



“Sunana Tuulikki. Aikina aka cire. Kafin in roƙi a sake dubawa, akwai abin da ya kamata ku sani.” Ranar wanka ba a ɓoye cibi. “Ni da Aulis muna tare. Tun farkon sanyi.”

Wani a allo ya ƙware da shayi.

“Ban nemi alfarma ba, ban kuma yarda a hukunta ni a kan haka ba. Ku fitar da shi daga alƙalanci, ku duba aikin. In ku kuka ce ɗanye ne, na yarda.”

“To fa!” in ji Henriikka. “Yau kuma taron ɗaurin aure muka zo?”

“Abin da kika so faɗa ne na hutar da ke.”

Veikko ya ɓoye fuska a cikin kofinsa.

Wiebke ta matso kusa da kyamara. “Na gwada aikin, yana ji har inda nawa ba ya kaiwa. Ni na tsaya masa. Saura wanda ya cire shi.”

Duk idanu suka koma ƙurya.

Aulis ya miƙe a hankali, yana riƙe da bayan kujera.

“Na janye,” ya ce. “Aikin ba ɗanye ba ne. Kuma na fita daga alƙalanci.”

Aka ɗaga hannu don amincewa da aikin. Henriikka ce ta ƙarshe, ta ɗaga nata rabi tana kallon taga. Ina tsaye sunan aikina ya koma shafi.

Na samu. Mutane suka fara tura kujeru, wasu na taya ni murna.

Aulis bai zauna ba.

“Ban... ban gama ba.”

Mai jagoranci ya tsaya da hannunsa a kan kwamfuta. “Aulis, ana fa jin ka har Jamus.”

“A bari a ji.”

Ya ratso tsakanin kujerun ya tsaya a gabana. Mutumin da ke haɗa waya siririya kamar gashi hannunsa bai taɓa motsi ba, yau yatsunsa kaɗawa suke. Ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Ya sake buɗewa.

“Yaro, mu fa tsofaffi ne,” in ji Veikko. “Kada mu mutu muna jira.”

Ba wanda ya yi dariya sai ni, dariyar ma ta zo da hawaye. Na miƙa hannu na riƙe yatsun nan biyu-uku har suka lafa. Ban taimake shi da ko kalma ɗaya ba.

Ya ɗago ya dube ni cikin ido.

“Tsoro na ji, Tuuli. Na ji tsoron bakin mutane, sai na yi miki ƙarya a gaban kowa. Na san ƙarya ce tun ina rubutawa.” Muryarsa ta karye, ya ɗaga ta har na kan allo suka ji. “Na cuce ki, zinariyata. Ki yafe min.”