Hodar Ishaya da Cokalin Dinah

Ranar da Ishaya ya fara tsayawa a ƙarƙashin lemar Dinah, inda take sayar da katin waya a bakin kasuwar Zuru, ta ɗauka ita ya zo gani. Dogo ne mai sanyin murya, har ta gyara ɗankwali. Ashe fitilarta ta duba jabun kuɗi ya hango.

"Don Allah, ara mini fitilar nan minti biyu."

Ya fito da 'yar kwalba mai farar hoda, ya sa ta a wani kwali mai duhu tare da fitilar, ya cusa kansa ciki. Haka ya bar ta tana kallon ƙeyarsa.

"Malam, lafiya dai?"

"Leƙo ki gani. Jan ƙarfe ne da sinadarin aidin, ni na haɗa. Aikin digirina na biyu ke nan a Zariya."

Ta leƙa. Hodar da take fara fat a rana tana ba da haske kore shar. Ta so ta yi tsaki, sai ta ji ta ce, "Kai!"

Wata uku yana zuwa, rabin hirarsu kansa na cikin kwali. Haushi kamar ya kashe ta, ga shi kuma ta kamu. Da ya tashi furtawa ma, ta waya ya turo: "Fitilata, in ba ke ba, ba na ganin komai. Ina son ki."

Ta amsa: "Ni ko fitilar? Fayyace."

Baba Talle, mahaifinta, bai ga abin burgewa ba. "Wanga yaro hannunai ya taɓa riƙe garma? Ga Prosper, soja, kullum yana aiko gaisuwa. In da gaske yake, ya zo ya yi golmo." Golmo shi ne noman da saurayi ke yi wa surukinsa kafin a ba shi mata. Da shekaru ake yi, amma Baba ya ce damina guda ta isa ya ga ƙarshensa.

Ishaya ya tafi gonar Baba a ƙauyen Kanya, ya bar mata kwalbar amana. Damina ta sa hodar ta dunƙule. Dinah kuwa ba ta iya ganin abu a hargitse ta ƙyale, sai ta sa bayan cokali ta murje ta lukui.

Ran Asabar ya dawo, tafin hannu duk ya fashe. Ko ruwa bai sha ba ya nemi kwali. Ya daɗe a ciki, sannan ya fito fuska a murtuke.

"Ta koma rawaya! Me kika zuba?"

"Gyara maka na yi."

"Aikin shekara biyu kika gyara?"

Ya hau acaɓa ya tafi, ba Kanya ba, gidansu. Kwana tara babu saƙo, ciyawa na cin gonar Baba, Baba na cewa ai dama ya faɗa. Dinah ta yi kuka, ta kuma ji haushin kanta da take kuka a kan mutumin da ya fi sanin launin hoda fiye da launin idonta.

Rana ta goma ta ce bari ta busar masa da tsiyarsa ta aika masa. Ta juye hodar a murfin gwangwani, ta ɗora kan tukunyar tuwo mai zafi. Da ta huce, ta haska don kallon ƙarshe. Kore shar! Ta murza da cokali, rawaya. Ta sake ɗorawa, kore. Sau huɗu ta yi kafin ta ɗauki waya.

"Malamin kimiyya, hodarka ba ta mutu ba. Murza ta koma rawaya, zafi ya maido ta kore. In kana son gani, sai ka gama noman Baba."

Amsa ta shigo nan take: "Fitilata, ki yafe mini. Ina zuwa yanzu!"

"Hanyar zuwa wurina ta Kanya take. Bi ta can."

Ya bi. Ya yi noma har Baba Talle ya gaji da neman aibu, ranar girbin dawa tsohon ya kama hannayen nan masu kanta ya juya su. "To, ka zama mutum. Allah shi yi muku albarka." Hodar mai sauya launi kuwa ita ta zama zuciyar littafin digirinsa, da sunan Dinah a shafin godiya.

A Disamba aka ɗaura auren a coci. Wajen liyafa Ishaya ya raɗa mata, "Kin taho da kwalbar? Abokaina na Zariya na so su gani."

"Na bar ta gida. Fitilar ma na cire mata batir."

"To me zan nuna musu?"

Dinah ta kama haɓarsa ta juyo da fuskarsa gare ta. "Yau dai, Ishaya, ni za ka kalla."

Ya kalle ta, ya daɗe yana kallo, har Fasto ya yi gyaran murya.