Kajin da Suka Rako Damin Riɗi

A garin Dayi an yi wata yarinya da ba ta iya zama wuri ɗaya. Kafin a gama ce mata "je ki," ta kai ƙofar gida. Kakarta Inno kan ce ƙafarta ta fi kunnenta sauri.

Inno tana da irin farin riɗi da ta gada wurin mahaifiyarta. A bana ruwa ya ci gonar, kunya biyu kawai suka tsira. Ta yanke, ta ɗaure dami ɗaya, ta jingine shi a tsaye ya bushe. Shi ke nan irin baɗi.

Ranar Asabar da hantsi Inno ta kira yarinyar.

"Je ki gona ki ɗauko min damin riɗin nan. Amma ki tafi da buhu, saboda..."

"To, Inno."

Kafin Inno ta ƙarasa, yarinya ta yi ɗamara da gyale ta fice.

Ta isa gona, ta saɓa damin a kafaɗa, kansa na reto a bayanta. Ta kamo hanyar gida da gudu. Can ta waiwaya, sai ga kajin unguwa suna binta suna tsattsaga ƙasa. Abin har dariya ya ba ta.

"Inno, yau da 'yan rakiya na dawo," in ji ta.

Inno ba ta yi dariya ba. Ta shimfiɗa tabarma, ta kakkaɓe damin. Abin da ya zubo bai cika cokali ba.

Inno ta ɓallo kwanso ɗaya ta nuna wa yarinyar.

"Duba bakinsa. Riɗi idan ya bushe, kwansonsa tsagewa yake da kansa daga sama, don ya saki 'ya'yansa. Haka wake ke yi, haka auduga. Shi ya sa ake tsayar da shi. Ke kuwa kin kife shi, kin ciyar da kaji."

Hawaye ya zubo wa yarinya. "Bari in koma in tsinto."

Har ta ɗaga ƙafa, sai Inno ta ce, "Tsaya nan. Kada ki motsa."

Ƙafafunta na ƙaiƙayi, amma a wannan karon ta tsaya.

Inno ta zagaya bayanta, ta kwance ɗamarar a hankali a kan faifai. Sai ga riɗi fari tas yana zubowa daga ninkin gyalen. Har cikin kitsonta an samu. Da aka tara, ya cika tafin hannu.

"Zai isa, Inno?"

"Zai shuka kunya biyu, in Allah ya so. Da kin sake rugawa, shi ma da kaji sun samu."

Yarinya ta share hawaye, ta riƙe wa Inno ƙwarya da hannu biyu har aka juye irin.

Tun daga ranar, idan an aike ta, sai ta ji magana har ƙarshe kafin ta ɗaga ƙafa. Ta gane cewa sauri kan haifi nawa.