Esin da Direba Ya Bari

Rana ta take tsaka, rufin kwano yana ƙara kamar ana soya shi, Amarya kuwa tana durƙushe a gefen katifa tana yi wa 'yarta fifita da yankin kwali. Ƙirjin yarinyar yana hawa yana sauka, numfashinta yana fita da wani siririn fito mai tsinka zuciya. Shekara goma ke nan da aka kawo ta gidan hayan nan, amma har yau Amarya ake kiranta, ko da yake angon ya kwanta dama tun bara.

"Umma, zafi..." in ji yarinyar da ƙyar.

"Yi haƙuri 'Yar Baba, yanzu rana za ta yi sanyi."

Ta ɗaga kai ta dubi ramin bangon da aka toshe da falankin katako, sai hawaye. Allah sarki, gidan nan na da! Lokacin da ta tare akwai ƙatuwar bishiyar mangwaro a tsakar gida, iska tana shiga ta taga tana fita ta ƙofa, mata suna tsifar kai a inuwa, yara suna rigimar wanda ya fara ganin nunanne. Daga baya aka sare bishiyar aka jera ɗakuna a wurinta, aka gina shago a jikin tagarta, ɗaki ya koma tanda. Da likita ya ce zafi yana tayar wa yarinya da ciwon asma, mijinta Direba bai yi shawara da kowa ba. Wata rana ya shigo da tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki a kafaɗa, gumi yana zuba, yana dariya yana cewa, "Matsa mini hanya Amarya, na sayo miki damina a cikin akwati!" Ranar har bargo suka rufa da tsakar rana don shauƙi, 'Yar Baba tana ta tsalle tana kiran esi, esi.

To, ƙasa ba ta gama bushewa a kan kabarinsa ba yayansa ya shigo. Shi ne wakilin mai gida, shi yake karɓar haya, kuma a benen gidan yake zaune. Ya zo da mai gyara da guduma.

"Doka ce ta fito," ya ce, ko zama bai yi ba. "An hana ɗan haya ajiye esi. In hukuma ta gani, ni za a kama. Zan adana miki a sito."

"Yaya, don girman Allah ka dubi marainiyar nan. 'Yar ƙaninka ce fa! Likita ya ce..."

"Likita ne zai je kotu ko ni? Ke dai ba ki san komai ba sai keken ɗinki. In ɗakin ya yi miki zafi, ai akwai masu nema, har sun fi ki hannu."

Sito kuwa bai taɓa ganin esin nan ba. Washegari da ta zagaya bayan gidan don shanya, ta jiyo gurnaninsa daga tagar Yaya, wannan gurnanin da ta sani kamar muryar mijinta. Ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu ta yi kuka har ta gode wa Allah. Kuma duk gidan sun ji, duk gidan sun gani! Malamin makaranta da yake karanta jarida kullum, matar mai gyaran babur da ba abin da yake wuce ta, babu wanda ya ce uffan. Wanda ya yi ƙoƙari shi ne ya ce, "Sai haƙuri Amarya, ki bar shi da Allah." Haka muke. A gabanmu za a murɗe wuyan maraya, mu gyara zama mu ce ba ma shiga maganar dangi, ko mu tambaya wace doka ce, wa ya gan ta, ina aka rubuta ta, ya fi ƙarfinmu!

Wahala ta ɗora a kan wahala. Masu kawo ɗinki suka rage zuwa, don ba mai iya tsayawa awo a ɗakin. 'Yar Baba ta rame, sai idanu. Yaya kuma kullum da sabon zance: yau ta cika hayaniya da keke, gobe tarin yarinya ya dame shi. So yake ta gaji ta kwashe kayanta. Ita kuwa ina za ta? A ɗakin nan ta haihu, a jikin ƙofar nan Direba yake zana tsayin 'yarsa da biro, ba ta da wani wuri a duniya da ya san ta.

Ranar da ciwon ya tashi sosai ta goya yarinyar, ƙatuwa da ita, ta yi asibiti. Sai la'asar suka dawo, ta tarar da taro a ƙofar gida, bangon matakala ya yi baƙi ƙirin, ko'ina warin ƙonanniyar waya. Wuta ce ta tashi daga wajen mita, Allah ya taƙaita aka kashe. Tana shiga aka yo kanta da ido.

"Ga ta nan!" Yaya ya daka tsawa. "Muguwa! Na hana ki, kika sato esin daga sito kika mayar, kika ja waya a ɓoye. Saura kaɗan ki ƙone mu da iyalanmu!"

Ta waiga... innalillahi! An ɓalle falankin, ga esin zaune a ramin bangonta kamar bai taɓa barin wurin ba.

"Yaya, ka ji tsoron Allah! Wallahi tun ranar da ka ɗauka ban sake taɓa shi ba. Jama'a, ku yi magana mana! Malam, kai fa ka gani! Maman yara, ke fa?"

Malam ya shiga goge tabarau. Matar mai gyaran babur ta ce ta bar tukunya a wuta. Amarya ta zube a ƙasa da 'yarta a jiki, tana cewa, "Ya Allah, Kai ne gatan wanda ba shi da gata, Ka gani, Ka gani..."

Da safe jami'ar hukumar gidajen haya ta zo, wata doguwar mata marar yawan magana. Yaya ya tare ta tun daga ƙofa, ya zuba mata bayani, ya nuna esin, ya ce shi ba ya son a kai matar ƙaninsa gaba, korar ta kawai ta wadatar. Jami'a ta shaida wa Amarya a fili cewa duk ɗan hayan da ya ja waya ba izini har gobara ta tashi, barin gida ne hukuncinsa. Amarya ta share hawaye da bakin mayafi.

Jami'a ta ce za ta zagaya gidan. Ƙarƙashin esin Amarya ƙasa ce busasshiya, har da yanar gizo. Da ta isa bayan gidan sai ta ja ta tsaya. A cikin wannan ƙeƙasasshen fili da ko ciyawa babu, ga wasu tumatir da barkono kore shar a jikin bango, wata tsohuwa mai ɗakin ƙarshe, wadda kunnenta ya yi nauyi, tana durƙushe tana zuba musu ruwa da kofi tana mita.

"Sannu Kaka. Lambu ya yi kyau."

"Wane kyau 'yar nan? Jiya da yau da hannuna nake ban ruwa, ga ciwon baya. Da kuwa daga sama yake ɗigo mini, tun farkon zafin nan." Ta ɗaga kai ta hango Yaya a bayan jami'a, ta ɗaga murya yadda kurame suke yi. "Kai wakili! Me ya sa ka cire injin naka jiya ana tsakiyar hayaƙi? Ka mayar mana, kada shukata ta mutu!"

Jami'a ta bi bangon da kallo: ga koren layin gansakuka ya sauko tiryan-tiryan daga tagar Yaya har kan tumatir, ga ƙarafan da suka riƙe esin ba a ma kwance su ba. Da aka hau bene aka tarar da guntun wayar da ya saƙalo daga mita, siririya irin ta fitila, ta narke.

Yaya ya fara in'ina, gumi yana karyo masa. "Ranki ya daɗe, ai... ai adanawa na yi, saboda doka..."

"Wace dokar?" in ji jami'a. "Dokar da na sani cewa ta yi mai gida ba shi da ikon hana ɗan haya esi matuƙar akwai mai lalura, shi ne ma zai ja masa waya mai kauri. Baiwar Allah, ba wanda ya taɓa gaya miki?"

Amarya ta girgiza kai, ta fashe da kukan da ta daɗe tana haɗiyewa.

Kafin mako ya zagayo mai gida ya karɓe wakilci daga hannun Yaya, hukuma ta ci shi tara, aka ba shi wa'adin barin bene. Ranar da yake loda kaya a mota, ba wanda ya kama masa ko kujera. A ranar kuma mai gyara ya ja sabuwar waya zuwa ɗakin Amarya, tsohon esi ya yi tari sau biyu ya kama aiki. 'Yar Baba ta miƙe ƙafa a katifa, barci ya kwashe ta.

Sai ga maƙwabta sun cika bakin ƙofa, kowa baki har kunne.

"Barka Amarya, barka!" in ji matar mai gyaran babur. "Wallahi mu dama mun san ba ki da laifi."

"Tun farko muka sani," Malam ya ƙara.

Amarya ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe tana dubansu, har murmushin ya fara bushewa a fuskokinsu.

"Na san kun sani," ta ce a hankali. "Ku ja mini ƙofar, sanyin yana fita."