Jakar Golf ta Anti Nas

Gurbin da jakar Anti Nas ke tsayawa a ɗakin ajiya na kulob ɗin golf wayam yake. Babu komai sai sawun gindin jakar a kan siminti.

Jakar ba wata ta a zo a gani ba ce. Irin ta masu koyo ce, baƙa, mai hular da ake zuge zif a rufe kawunan sanduna. A ciki akwai sanda mai ƙaton kai ta bugun nesa, da 'yan ƙarafa masu lamba, da ta fid da ƙwallo daga rairayi, da ta tura shi cikin rami. A aljihu kuma safar hannu, tawul da tsinkayen ɗora ƙwallo. Ɗanta ne ya aiko mata da ita bayan ta yi ritaya daga asibiti, da likita ya ce ko ta riƙa taka ƙasa ko hawan jini ya kwantar da ita. Ta yi 'yan makonni ba ta leƙo ba, tana wajen 'yarta da ta haihu.

Ɓatan jakar ya ɓata mata rai, amma abin da ya biyo baya shi ya fi ƙona ta. Da ta kai ƙara ofis, kafin ta rufe baki, Sakataren kulob ya sa an kira Baba Dogo, dattijon da ke kula da ɗakin, ya tsayar da shi a baranda a gaban masu shan shayi, ya karɓe makullinsa.

"Ka tattara naka ya naka," in ji Sakatare. "In la'asar ta yi jaka ba ta fito ba, 'yan sanda za su fito da ita daga jikinka."

"Ranka ya daɗe, wallahi ban..."

"Kowa haka yake cewa."

Anti Nas ta san wannan muryar. Duk tsawon aikinta a asibiti, ko almakashi ne ya ɓace, mai shara ake fara kallo.

"Sakatare, jakarka ce ko tawa?"

"Taki ce, Anti."

"To ka bar ni in yi tambayata kafin ka yanke hukunci da kayana. Mutum nawa ke da makullin ɗakin nan?"

Ya gyara wuyan riga. "Ni, da shi, da mai shagon kayan wasa, saboda yana ɗaukar sanduna ya canza musu robar mariƙi. Koci mai koyar da wasa ma yakan ara."

Ta ja Baba Dogo gefe.

"Baba, yaushe ka lura babu ita?"

"An kwana biyu, Hajiya. Na ɗauka kin aiko an kai miki gida. Masu koyo haka suke yi. In ƙwallo ya ishe su, ba sa ko sallama, sai dai ka ga gurbi."

"Ka taɓa buɗe ta?"

"Ba ni nake wanke miki ƙarafan ba? Na hagu ne. Duk kulob ɗin nan ke kaɗai ce bahaguwa. In na sata, wa zan sayar wa?"

Ta bar shi ta nufi Koci, wanda ke jingine da bishiya yana latsa waya. Da ya ji tambayar sai ya yi dariya.

"Anti, ni da na sha wahala kafin in iya tsayawa ta ɗaya gefen in nuna miki bugu? Ko kyauta kika ba ni sandunan nan, sai dai in kashe ɓera da su."

"Akwai sabon ɗalibi?"

"Ni ba ni da. Akwai dai wani injiniya can ƙarshen filin koyo. Ya ce a waya zai koya, ba ya son darasi. Kullum yana can yana mana noma."

Sakatare ma bai tsira daga tambaya ba, amma ba ta daɗe a kansa ba. Ranar da ta fara zuwa, shi ya zaro sandarta ya ɗaga wa mutane, yana raha wai an kawo musu mai wasa a baibai. Ba ta manta ba, ba ta kuma yafe ba, amma hakan ya fitar da shi daga zargi.

Shagon kayan wasa yana jikin ofis. Mai shi, wanda kowa ke kira Sauƙi saboda kalmar ba ta barin bakinsa, ya tarbe ta da fara'a har kunne. A bayansa jakunkunan masu koyo ne a jere, baƙaƙe masu hula, sak irin tata.

"Anti, ashe kina nan! Na ji abin da ya faru. Tsohon nan bai kyauta ba. Ki zaɓi wata, zan yi miki sauƙi."

"Me ya sa ka ce ashe ina nan? Wa ya ce maka na tafi?"

"A'a, babu. Na ga dai kin daɗe ba ki zo sayen ƙwallo ba, na ce ko kin haƙura."

"Ka taɓa gyara mini sanda?"

"Ko ɗaya. Ai ba a wajena kika saya ba."

"Haka ne," in ji ta, ta fita.

Injiniyan yana can inda Koci ya ce, matashi mai ƙiba, gumi ya jiƙa masa baya. Ya kafa wayarsa a jikin jaka yana kwaikwayon mutumin da ke ciki. Ya tsaya irin tsayuwar na dama, ya ɗaga ƙarfe, ya sauke. Bayan sandar ne ya doki ƙwallon, ya gangara gefe, ciyawa kuwa ta tashi sama.

"Sannu da aiki, ɗana. Safar nan ba ta dame ka ba?"

Ya dubi hannunsa na hagu. Ya sa safar a juye, tafinta a bayan hannu, maɓallin a cikin tafi.

"Wallahi Mama, ni ma na ce ɗinkin bai yi ba. Wasan nan duk a karkace yake."

"Ba wasan ba ne. Safar hannun dama ce, sandunan kuma na bahago ne. Ina ka samo su?"

"A shagon Sauƙi. Ya ce wani ne ya saya bai yi amfani da su ba. A rufe ya ba ni, ya ce komai na ciki."

Ta zura hannu a ƙaramin aljihun jakar ta zaro kwalin maganin hawan jininta.

A baranda ta tara su, a daidai inda aka tsayar da Baba Dogo, masu shayi ma ba su tashi ba. Injiniya ya dire jakar a tsakiya. Sauƙi yana ganinta fara'ar ta gudu.

"Duk wanda ya taɓa buɗe jakar nan ya san ba ta sayuwa a kulob ɗin nan," in ji Anti Nas. "Baba ya sani, Koci ya sani, Sakatare har dariya ya yi da ita. Ɓarawon shi ne mai makullin da bai taɓa leƙa cikinta ba. Ya ga baƙar jaka irin tasa, ya ɗauka abin da ke ciki ma irin nasa ne." Ta juya ga Sauƙi. "Mai koyo kullum cikin zubar da ƙwallo yake, a ruwa, a ciyawa. Muddin yana wasa, sai ya zo wajenka. Ranar da ya daina sayen ƙwallo, ka san ya gaji, ka san kunya ba za ta bar shi ya dawo da wuri ba. Sai ka ɗauke jakarsa ka sayar wa na baya. Tawa ce ta nawa?"

"Kuskure ne, Anti. Na ɗauka..."

"Ka ɗauka na haƙura. Ka faɗa mini ɗazu. Kana zaune kana cewa tsoho bai kyauta ba, alhali shi za a kai caji ofis da furfurarsa saboda kai. Ko kunya ba ka ji ba."

Sauƙi ya sunkuyar da kai. Koci ya matsa ya tsaya a bakin matakala, Injiniya kuma ya fara kiran 'yan sanda da wayar da yake koyon wasa da ita.

Sakatare ya zaro makulli ya miƙa wa Baba Dogo, idonsa na wani wajen. "To, ga shi. A koma bakin aiki, ya wuce."

Baba Dogo bai miƙa hannu ba.

"Ranka ya daɗe, kafin ni ka kori mutum biyu daga ɗakin nan a kan jakar masu koyo. Na biyun ƙanena ne. Har yau in ya shiga taro, mutane jawo kayansu kusa suke yi. Babu wanda ya sake ba shi ko gadi."

Anti Nas ta dubi Sakatare har sai da ya ɗago.

"Za mu duba," in ji shi. "Kwamiti zai zauna, a aika masa da saƙo."

"Da za ka kore shi, kwamiti ka jira?"

Ta juya ga Baba Dogo.

"Baba, ƙanen naka yana gida yanzu?"

"Ina za shi, Hajiya? Kullum yana gida."

"To Sakatare, ɗauko makullin motarka. Da bakinka ka ce masa ɓarawo, da shi za ka je ka janye, a ƙofar gidansa, maƙwabta na ji."