Baba a Kujerar Baya

Auta na raba wa mahalarta bitar kwamfuta takardun shiga intanet sai ta hango shi tsaye a bakin ƙofa, da tsohuwar laftof ɗin yayanta a hammata.

Ta yi sauri ta tare shi.

“Baba... me ya kawo ka nan?”

“Karatu,” ya ce, yana gyara tabarau. “Ko an ce ban da tsofaffi?”

Ta san ba karatu ba ne. Gwaggo ce, wadda ta daɗe tana yi wa ɗanta kamun ƙafar auren Auta, ta tura wa Baba wani guntun bidiyo: ga Dogo a gaban aji, allon bayansa ya cika da jan rubutu mai nuna kuskure, shi kuwa yana dariya. Ta haɗa da saƙon murya, wai a dubi wanda Auta ta nace wa, ko aikin nasa bai iya ba. Baba kuwa tsohon shugaban makaranta ne, rabin rayuwarsa da jan biro ya yi ta. Tun ranar ya ce kada a sake yi masa maganar auren sai ya gani da idonsa.

Ta ƙarasa wajen Dogo, malamin bitar, wanda take taimaka wa duk ƙarshen mako. Yana durƙushe yana fama da wayar majigi.

“Babana ya zo,” ta raɗa masa. “Don Allah, masoyi, yau kada ka yi kuskuren nan naka.”

“Wanne daga ciki? Ina da su da yawa.”

“Ba wasa nake ba.”

Ya ɗago ya dube ta, murmushin ya ragu. “Autata, idan na yi komai sumul, rabin ajin nan za su koma gida suna ganin su ne daƙiƙai. Kin fi kowa sani.”

Ta sani ɗin, shi ya sa ta ji kamar ta rufe shi da duka. A wannan ajin ta fara ganinsa, ranar da jan rubutu ya kusa sa ta kuka, ya ce mata injin ba faɗa yake ba, bayani yake da muguwar murya. Ita dai daga nan ta kamu.

Dogo ya je har kujerar baya ya rusuna ya gaida Baba. Baba ya amsa a taƙaice.

Aka fara. Kowa ya buɗe littafin darasi a kwamfutarsa, dogon shafi da aka yanka akwati-akwati. Ka rubuta umarni a akwati, ka danna, amsa ta fito a ƙasansa nan take. Aikin yau shi ne fitar da matsakaicin makin wani aji na ƙirƙira. Dogo na bugawa a hankali, kowa na bin sa, har ya manta sa alamar rufe baka a ƙarshen layi. Allo ya yi ja.

“Madalla,” in ji shi. “Wa zai karanta mana abin da ya ce?”

Wata ma’aikaciyar jinya ta gano wurin, aji ya tafa mata. Auta ta saci kallon baya. Baba ya girgiza kai, irin girgizawar da ta sani tun tana firamare.

Ba a jima ba Baban da kansa ya maƙale. Ta ga yana danna maɓalli ɗaya da ƙarfi kamar mai kashe kiyashi. Ta nufe shi, ya ɗaga mata hannu.

“Ba ke ba. Kira min malamin.”

Dogo ya zo ya tsuguna a gefensa.

“Ga shi,” Baba ya tura masa laftof ɗin. “Gyara.”

Auta ta rintse ido. Dokar ajin ce, mai koyarwa ba ya taɓa kibod ɗin ɗalibi. Amma ai doka ma ta san suruki. Ta yi ta yi masa alama da ido ya karɓa kawai a wuce wurin.

Dogo ya mayar da hannayensa baya.

“Ka yi haƙuri, Baba. A nan ba ma karɓa. Ina gefenka har ya gyaru, amma hannunka ne zai yi.”

“Ni nake ce maka ka gyara.”

“Na ji, ranka ya daɗe. Me layin ƙarshe ya ce?”

“Ko dai ba ka iya ba ne?”

Na kusa da su suka juyo. Auta ta dafa bango. A ranta ta ce shi ke nan, Gwaggo ta yi nasara.

“Na iya,” Dogo ya ce, muryarsa a ƙasa. “Idan na gyara, gobe a gida zai sake yi maka, ni kuma ba na nan.”

Baba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ja tsaki, ya matso da fuska jikin allo.

“Wai bai san ‘maki’ ba. Ga maki nan a rubuce a sama, makaho ne?”

“A rubuce yake. An danna akwatin?”

Ashe Baba ya tsallake akwatunan farko ya dira a kan lissafi, yadda ya saba buɗe takardar jarrabawa ya nufi amsa kai tsaye. Littafin kuwa ba ya sanin abin da ke rubuce a cikinsa sai wanda aka danna masa.

“Wato sai an kira sunan kowa kafin a fara darasi,” Baba ya faɗa, kamar da kansa yake.

Ya koma sama da yatsa ɗaya, ya danna na farko, ya danna na biyu, ya sauko. Lambar ta fito. Sai ya canza makin wani ɗalibi ya sake dannawa, lambar ta motsa. Ya sake canzawa. Auta ta ga gefen bakinsa na rawa, yana kokawa da murmushi. Kafin a tashi har ya juya yana yi wa wani mai kantin magani da ke kusa da shi faɗa a kan tsallake akwati.

A mota ita ke tuƙi, Baba na rungume da laftof. Suna wuce shataletale ya juyo ya dube ta.

“Ya iya gyarawa tun farko?” in ji shi.

“Kallo ɗaya ya yi ya gane, Baba.”

“Amma ya bar ni ina ce masa bai iya ba a gaban mutane.”

“Haka yake...”

“Taurin kai gare shi.”

Idonta ya ciko. “Baba, wallahi ba raini ba ne, shi dai...”

“Na ce raini ne?” Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. “Na yi zaton ko dai ya fusata, ko ya lallaɓa ni don yana neman ’yata. Bai yi ko ɗaya ba. Wanda ya iya ce min a’a bai ɗaga murya ba, to zai iya zama da ke, don kin fi ni kafiya.”

Ta taka birki ba shiri, na baya ya danna mata hon.

“Ki kai ni gida da raina tukuna,” in ji Baba. “Sannan ki ce masa iyayensa su zo, ina jiran su.”

Ta ja motar gefen titi ta kashe, ta kifa kai a sitiyari tana dariya da hawaye tare. Baba ya bar ta ta yi mai isarta, ya juya yana kallon taga kamar ba shi ya yi maganar ba.